Kyan Ɗan Maciji

 Na san wata tana cin karo da kalmar bindiga a wannan shafi za ta yatsina fuska ta ce, to mu kuma ina ruwanmu, ai wannan zancen maza ne. Ki dakata 'yar uwa, kada ki buɗe gaba tukuna. Duk inda bindiga ta tashi a duniyar nan, a ƙarshe mace ce ke shiga takaba, ita ce ke wanke jinin da ya zuba a tsakar gida, ita ce kuma ake bari da marayu suna tambayarta ina baba. Tunda haka ne, zancen bindiga namu ne, ko maza sun so ko sun ƙi.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne wani sabon yayi da ya ɓullo a ƙasashen Turawa, musamman Amurka. Mutum ne zai zauna a ɗakinsa, ko a garejin motarsa, ya kunna kwamfuta da wata 'yar na'ura, ya ƙera irin tsohuwar bindigar nan ta kaboyi da muke gani a fim. Da a ce ta ado ce ta ratayewa a bango, da ban ɓata tawadata ba. Sai dai wadda suke ƙerawa tana cin harsashi, tana tashi, tana kuma kisa. In ya gama sai ya ɗauki hotonta da bidiyo ya watsa a intanet, abokansa su yi ta yi masa tafi suna cewa lallai wane hannunsa ya faɗa. Da bakinsu kuma suke cewa ai wasa ne, abin ɗebe kewa ne kawai, son tarihin kakanni ne. Wannan suna na wasa shi ne ni ban yarda da shi ba, kuma shi nake so mu zauna mu tattauna.

Bari in fara yi miki bayanin na'urar, don kada ki ɗauka tatsuniya nake yi. Kin san injin taliyar murji, yadda kike zuba kwaɓi ki murɗa, taliya ta rinƙa fitowa sili-sili. To ita ma wannan na'ura kusan haka take, sai dai zaren roba ake ba ta maimakon fulawa. Tana narka robar, ta rinƙa tsiyayo ta ta wata 'yar ƙaramar kafa, tana shimfiɗa layi a kan layi kamar mai gina tukunya, har abin da aka zana a kwamfuta ya fito da jikinsa, a ɗauke shi a hannu. Firinta ce, amma maimakon ta buga rubutu a takarda, kaya take bugawa. Ana samun ƙananansu a kan dala 200 zuwa 300, kuma wuri kaɗan suke ci a kan tebur. Da ita ake yin kayan wasan yara, da samfurin haƙori a asibiti, da ƙananan kayan gyaran inji. Na'ura ce mai albarka, ba ni da faɗa da ita.

Ita kuwa bindigar da suke kwaikwaya, wadda duk ta taɓa kallon fim ɗin kaboyi ta san ta. Doguwa ce mai gindin katako, da wani ƙarfe kamar mariƙin buta a ƙarƙashinta. In an harba sai a tura mariƙin ƙasa a dawo da shi, kwanson da ya tashi ya faɗo, sabon harsashi ya hau, a sake harbi ba tare da an tsaya ɗuri ba. Wani maƙeri Ba'amurke mai suna Benjamin Tyler Henry ne ya fito da ita a 1860, tana cin harsashi 16, a zamanin da sojan da ke riƙe da bindigar ɗuri da ƙyar yake yin harbi 3 a minti guda. Maigidansa kuwa, Oliver Winchester, kin san sana'arsa ta asali? Rigunan maza yake ɗinkawa yana sayarwa a garin New Haven. Ɗan kasuwa ne da ya lura cewa abin da ke huda riga ya fi riga kawo kuɗi, sai ya juya jarinsa can. Kamfaninsa ya fito da samfurin 1866, sannan na 1873 wanda ya fi kowanne suna, aka ƙera sama da 700,000 daga cikinsa kafin a tsaya a 1923.

To wai wane tarihi ne ma ake ƙauna a jikinta? An gwada ta a yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865, inda 'yan ƙasa ɗaya suka kashe juna sama da mutum 600,000. Da ita baƙi Turawa suka rinƙa kutsawa yammacin ƙasar suna ƙwace filayen 'yan asalin wurin, waɗanda a fim muke ce wa Indiyawan daji, muna yi musu dariya in sun faɗo daga kan doki. Su ma da suka samu hanya sun saya, kuma a 1876 a bakin kogin Little Bighorn, wasu daga cikin mayaƙan ƙabilun Lakota da Cheyenne da irinta suka fito, suka hallaka kwamanda Custer da sojojinsa sama da 260. Shekara guda bayan haka, a 1877, sojojin Turkiyya suka yi amfani da ita a garin Plevna suka zubar da dubban sojojin Rasha. Kin ga ke nan bindigar nan ba ta da uwa ba ta da uba, wanda ya biya kuɗi shi take yi wa aiki. Daga baya ne masu talla da masu shirya fim suka wanke ta tas, suka shafa mata mai, suka yi mata kirari da cewa ita ce ta ci yammacin Amurka da yaƙi, har aka yi wani fim sukutum da sunanta a 1950. Kwalliyar nan ita ce ke ruɗar samarin yau.

Akwai wata mace a cikin wannan tarihi da nake so ki sani, sunanta Sarah, matar ɗan Oliver Winchester. Ta haifi 'ya ɗaya tak a 1866, jaririyar ta rasu ba ta yi wata biyu ba. Mijin ya rasu a 1881 da ciwon tarin fuka, ya bar mata dukiyar da ba ta ƙirguwa. Ta tattara ta koma Kalifoniya, ta sayi wani gidan gona a San Jose, ta yi ta ƙara masa ɗakuna shekara da shekaru har ya kai kimanin ɗaki 160, kafin ta rasu a 1922. Mutanen gari suka rinƙa yaɗa cewa wai fatalwar waɗanda bindigar gidansu ta kashe ce ke bibiyarta, shi ya sa ta kasa daina gini. Masana tarihi sun ce babu hujjar wannan magana, ƙanzon kurege ne da aka ƙawata don jan 'yan yawon buɗe ido. Na yarda da su. Amma ki tambayi kanki, me ya sa labarin ya zauna a zukatan mutane fiye da shekara 100? Saboda su kansu Amurkawan, can cikin ransu, sun san kuɗin nan akwai jini a jikinsa, kuma da suka tashi neman wanda zai ɗauki alhakin, kan bazawara suka ɗora. Ko a ƙagaggen labari ma mace ce ke biya.

Yanzu mu dawo zamaninmu. A watan Mayu na 2013 wani ɗalibin lauya a jihar Texas mai suna Cody Wilson, ɗan shekara 25, ya nuna wa duniya ƙaramar bindiga ta roba da ya buga da irin na'urar nan, ya kuma saki zanenta a intanet kyauta. Kafin gwamnatin Amurka ta ba da umarnin a sauke shi, a cikin kwana 2 kacal an kwafi zanen sau kusan 100,000. Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa, haka shi ma zanen. A wannan watan 'yan sandan jihar New South Wales ta Ostireliya suka buga irinta don gwaji, ɗaya ta tarwatse a lokacin harbi. A 2014 aka kama wani ma'aikacin kwaleji a Japan ya buga nasa, kotu ta ɗaure shi shekara 2. A 2020 wani saurayi a Jamus ya saki zanen wata da ta fi ta farko ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma bayan juyin mulkin soja na 2021 a ƙasar Bama sai ga ta a hannun masu yaƙi a daji. A watan Disamba na 2024 aka harbe shugaban wani babban kamfanin inshorar lafiya a bakin titi a birnin New York, kuma 'yan sanda suka ce bindigar da suka samu a jakar wanda ake tuhuma, wani sashenta da na'urar nan aka buga shi. Daga wasan ɗalibi zuwa gawa a bakin titi, shekara 11 kawai aka yi.

Na san amsar da masu wannan yayi za su ba ni, kuma ba zan ɓoye miki ita ba. Za su ce, Hajiya kin haɗa gari da sauran kaya. Mu tsohuwar bindiga muke yi, mai nauyi, mai jinkiri, wadda ba ɗan fashin da zai ɓata lokacinsa a kanta. Yawancinmu magidanta ne masu aikin yi, ba mu taɓa cutar da kowa ba, kuma dokar tarayya ta ƙasarmu ba ta hana mutumin kirki ƙera bindigar kansa don amfanin kansa ba. Duk wannan gaskiya ne, ban musa ba. Amma ina da tambaya guda ɗaya da har yau nake jiran mai amsa ta. Idan tarihi kake so, idan kyan katakon da ƙyallin ƙarfen ne ya burge ka, idan motsin mariƙin ne ke ba ka sha'awa, me ya hana ka yi ta a toshe? Za ta yi kyau iri ɗaya, mariƙin zai motsa iri ɗaya, ka rataye ta a falo baƙi su yaba. Me ya sa dole sai ta tashi? Wanda ya nace sai ta ci harsashi, to ba tarihi ne ya dame shi ba, so yake ya ji a ransa cewa yana da ikon ɗauke rai, ya kuma yi shi da hannunsa ba da izinin kowa ba. In haka ne ya fito fili ya faɗa, ya daina canza wa tuwo suna.

Na biyu, tsufan bindiga ba ya rage mata dafi. Harsashin da ya kashe mutum a 1873 in aka harba irinsa yau zai kashe. Tsohon maciji ma ai ba a sa shi a aljihu. Hasali ma tsohuwar kamar ita ce babban haɗarin, domin yaro in ya ga baƙar bindigar soja yana jin tsoro, amma in ya ga ta kaboyi, ta roba, wadda ya ga babansa yana haɗawa a kan tebur yana dariya kamar mai gyaran rediyo, me zai ɗauke ta? Kayan wasa mana. Wannan shi ne kyan ɗan maciji, ka gan shi sumul-sumul ka kai hannu.

Na uku, ita roba ba a yi ta don ta jure ƙarfin albarushi ba, shi ya sa ko su masu yin sai sun haɗa da ƙarfe. Kamfanin da ke ƙera bindiga yana da injiniyoyi da wurin gwaji, in kuma ya yi ganganci a kai shi kotu. Shi mai yi a gareji wa ya gwada masa? In ta fashe a fuskarsa ko ta ɗansa, wa za a kama? Haka za a kwashe shi a kai asibiti, matar da aka ce mata wasa ne ita za ta kwana a kan tabarma a gefen gado.

Na huɗu, kuma shi ne mafi girma, zanen ba ya zama a gareji. Mai kirki ya zana, ya saki, amma ba shi ke zaɓen wanda zai kwafa ba. Dabarar da aka koya wajen yin ta kaboyi, da ita ake yin wadda ta fi ta muni. Kuma bindigar gida ba ta da lamba, in an yi ɓarna da ita ba a san inda za a bi sawu ba, shi ya sa can suke kiran irinsu bindigogin fatalwa. Gwamnatin Amurka ta ce a shekarar 2021 kaɗai jami'an tsaro sun kama kusan 20,000 marasa lamba, ninki 10 na abin da aka kama a 2016. Yawancinsu gutsuttsura ne da aka sayo aka harhaɗa a gida, waɗanda aka buga da na'ura ba su kai su yawa ba, amma ƙofa ɗaya suka biyo. Wasu ƙasashen sun farga da wuri. Jihar New South Wales ta haramta ajiye zanen kansa tun 2015, ƙasar Singafo ma ta yi irin wannan doka a 2021. Sun gane cewa a wannan zamani zanen shi ne bindigar.

Ga kuma lissafin da masu tafi a intanet ba sa son ji. Wani ƙiyasi na 2017 ya nuna farar hula a Amurka suna riƙe da bindiga kusan miliyan 393, wato sun fi mutanen ƙasar yawa. A 2021 mutum sama da 48,000 bindiga ta kashe a can, kuma fiye da rabinsu su ne suka harbe kansu. A 2020 bindiga ta zarce haɗarin mota, ta zama ita ce kan gaba wajen kashe yara da matasa 'yan shekara 1 zuwa 19 a ƙasar. Wani bincike da aka buga a 2003 ya gano cewa matar da mijinta ke dukanta, in yana da bindiga a hannu, haɗarin ya kashe ta yana ninkuwa kusan sau 5. Ki sake karanta wannan layin 'yar uwa. Ana sayen bindiga da sunan tsare gida daga ɓarawo, amma sau da yawa mutanen gidan take ci. Ƙasar da ke cikin wannan hali, ita ce kuma wasu ke ganin abin da ya rage mata shi ne kowa ya buga tasa a ɗaka. Haba jama'a!

Wata za ta ce, to ai can Amurka ne, su ta shafa. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa, balle mu da namu gemun ya daɗe yana hayaƙi. Mun san bindigar gida tun kafin a haifi kwamfuta, mun san harbi-ruga ta mafarauta, mun kuma sha ganin 'yan sanda sun baje ƙirar maƙera a gaban 'yan jarida, duk da cewa dokar makamai ta Nijeriya ta hana ƙera bindiga ba da izini ba tun 1959. Mun ga an kwashe yara maza sama da 300 a Ƙanƙara a Disamba 2020, an kwashe 'yan mata 279 a Jangebe a Fabrairu 2021. Waɗancan azzalumai da manyan bindigogin fasa-ƙwauri suka zo, ba na roba ba, kada a ce na yi ƙarya. Amma ki duba, ɗan abin da ke taka wa yaɗuwar bindiga birki a wurinmu shi ne tsada da wahalar shigo da ita. Zane kuwa ba ya bi ta kan iyaka, ba ruwansa da kwastan, ta cikin wayar da ke hannun ɗanki yake shigowa. Na'urorin kuma sun riga sun fara shigowa jami'o'inmu da wuraren koyon sana'a, don ayyukan alheri. Ranar da ɗan daba ya gane zai iya ajiye wuƙa ya riƙe abin da ya fi ta, ranar ce za mu san ba Amurka kaɗai ta shafa ba.

Kada kuma a ce ni maƙiyiyar ilimi ce. A shekarar 2013 ɗin nan da ɗalibin Texas ya buga bindigarsa, wasu Amurkawan suka ɗauki irin wannan na'ura suka tafi wurin mutanen tsaunukan Nuba na Sudan, inda bom ya cire wa wani yaro hannu biyu. Suka buga masa hannun roba a kan kuɗin da bai wuce dala 100 ba, yaron ya ɗauki cokali ya ci abinci da kansa, abin da ya yi shekara 2 bai yi ba. Na'ura ɗaya ce, roba ɗaya ce, shekara ɗaya ce. Wani ya buga abin da ke cire hannu, wani ya buga abin da ke mayar da shi. Saurayin da Allah ya ba basirar zane da haɗa inji, ga inda ake bukatarsa. Guragu nawa ne a titunanmu da ke jiran irin wannan hannu da ƙafa?

To mu mata me ya rage mana? Na farko, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mu ne da kanmu muke saya wa yara bindigar roba ranar Sallah, mai 'yan ƙwallaye da ke fasa ido, mu zauna muna dariya yana nuna ƙanwarsa yana cewa na kashe ki. Ki saya masa ƙwallo, ki saya masa mota ko littafi, ba zai mutu ba. Na biyu, ki san abin da ɗanki ke kallo a waya. Ba sai kin iya Turanci ba, hoton bindiga ba ya bukatar tafinta. In kin ga ya ƙwallafa rai a kan irin bidiyon nan, ki zaunar da shi ki yi masa magana ta hankali, ki kuma sanar da mahaifinsa tun wuri. Na uku, kada ki yarda ki zama ma'ajiya. Ko miji ne, ko wa, ko ƙane, ko saurayi, in ya kawo miki ƙunshi ya ce ɓoye min a ƙarƙashin gado kada ki buɗe, ki ce a'a. Mun sha ganin matan da aka kama da harsasai a cikin kaya, su suna tsare, mazan da suka aike su suna can suna shan iska. Na huɗu, ke budurwa, saurayin da ke miki alfahari da makami, yana nuna miki hotonsa riƙe da bindiga don ki ce masa jarumi, ki yi masa sallama tun kafin a kawo lefe. Wanda ya ji daɗin tsoratar da mutane a waje, wata rana a gida zai gwada.

Ku kuma maza masu leƙen littattafanmu a ɓoye, na san kuna nan, ga saƙona. Gwaninta abu ce mai kyau, son tarihi ma haka. Ku zana, ku ƙera, ku buga, ku yi ta a toshe ku rataye, ba wanda zai ce muku kanzil. Amma duk abin da ke cin harsashi bindiga ne, ko da katako aka yi shi ko da roba, ko na 1873 ne ko na bana, kuma ba a ajiye shi a gidan da yara ke rarrafe a ce wasa ake yi. Wanda bai ji bari ba, ya ji hoho.

Allah ya kare mana 'ya'yanmu, ya shirya mazajenmu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.

Taku har kullum.